Gidan da Mutari Ya Aika Pari

Ni magini ne, ɗan magini, kuma a nan Magariya aka yanke mini cibi. Saboda haka in na ce muku kada ku tsaya shan inuwa a tsohon zauren nan da ke yamma da kasuwa, na san abin da nake faɗa. In kun bi ta wurin ku dube shi da kyau. Ba katanga, ba ɗaki ko ɗaya a bayansa, zaure ne kawai a tsaye a fili kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. A bakin ƙofarsa akwai rami. Yara suna cewa kura ce ta tona shi. Mutum ne ya tona shi da hannunsa, kuma sai da ya shekara talatin yana tono.

Sunansa Mutari, kuma a zamanin Nasara ya yi tashensa. Hannu kam Allah ya ba shi. In ya ɗaura bakan gizo a soro sai ka rantse ba da laka aka yi ba, in ya zana fuskar gida mutane har tsayawa suke da kaya a ka suna kallo. Amma duk lokacin da babban aiki ya taso, sai a aika Damagaram a ɗauko magina, shi kuwa a bar shi da miƙa musu tubali. Wannan abu ya ci masa rai har ya hana shi ganin abin da yake da shi.

Abin da yake da shi kuwa ba kaɗan ba ne. Akwai mahaifiyarsa Ƙande, tsohuwa mai kaɗin auduga da tsokana. Akwai matarsa Uwani, wadda ake jin dariyarta daga gida na uku. Akwai 'yarsu Ladi, 'yar shekara bakwai, mai satar masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa tana gina 'yan tukwane a bayan rumbu. Gida ne ƙarami mai hayaniya, irin wanda in ka shiga da ɓacin rai sai ka manta inda ka ajiye shi.

Wata rana da hantsi gardi, ɗan sandan Nasara, ya zagaya ya tara magina a ƙofar biron kumandan, wato ofishin Nasaran da ke mulkin garin. Tafintan kumandan, wani dogo mai suna Hambali, ya tsaya ya yi musu bayani. Ya ce za a yi babban taron baje koli a birnin Pari, duniya duk za ta hallara, kowace ƙasa da ke hannun Faransa za ta kai abin da za ta nuna. Gwamnati ta ware kuɗi a gina wa ƙasar nan wurinta a can, kuma ana so ya zama gida irin namu. Kowane magini ya gina ɗan ƙaramin gida na laka a kan katako, wanda mutum biyu za su iya ɗauka. Wanda aka zaɓa, za a kai shi Pari a dubi tsarinsa a gina babba, sannan a ajiye ƙaramin a tsakiyar babban cikin gilashi. Mai shi kuwa, ayyukan bariki duk sun zama nasa.

Mutari ya koma gida ya hau aiki. Sau uku yana gina ɗan gidan, sau uku yana take shi da ƙafa. Da ya ji cewa tsofaffin maginan Damagaram ma sun shiga, sai zuciyarsa ta karye, don ya san ko nasa ya fi kyau, sunansu ya fi nasa nauyi. A nan ne ya kamata ya haƙura, amma ina. Ya ce wa Uwani za shi Mallawa neman makubar shafe bango, ya ɗaura wa jaki akumari ya fita.

Gaba da Mallawa akwai wani kufai, garin da mutanensa suka watse tun kafin zuwan Nasara. A nan wani boka da ake kira Illo yake zaune shi kaɗai. Mutari ya isa rana na tsaka, lokacin da ko makiyaya ba sa ratsa kufai. Ba tsuntsu, ba iska. Jakin ya turje a bakin tsohuwar rijiya, dole ya ɗaure shi ya ƙarasa da ƙafa.

Wurin tsafin Illo ba ɗaki ba ne, suri ne. Wani ƙaton suri ja da ya fi mutum biyu tsawo, an naɗa masa baƙin saƙi a ƙugu. Jikinsa duk gashin kaji ne da busasshen jini ya manne. An kewaye shi da tukwane a kife, kowace da ɗan dutse a kanta, kamar ana tsoron kada abin da ke ciki ya ɗaga ta. A gindinsa akwai wata kafa da kan mutum zai iya shiga, wani sanyi mai warin rijiya yana fitowa daga ciki. In ka kasa kunne za ka ji motsi a can ƙasa, ƙus-ƙus, ba ya yankewa.

Illo yana zaune a kan buzu, ɗan tsamurarren tsoho mai fari a ido ɗaya. Bai amsa sallama ba.

"Ɗan wa?" ya tambaya.

"Ɗan Ƙande."

"Zauna, ɗan Ƙande. Kana jin su? Su ne magina na farko. Ba su taɓa hutawa ba, ba wanda ya taɓa biyansu. Me kake so su yi maka?"

Mutari ya kwashe labari ya faɗa masa. Bokan ya sa kunnensa a kafar surin ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Ɗaki nawa za ka yi wa gidan?"

"Uku, da zaure."

"Ku nawa ne a gidanka?"

"Mu huɗu."

"To, ka ga abin ya yi daidai. Abin da ya sa ka rushe ukun farko, kai ma ka ji a jikinka ba su da rai. Gidan da ba mai shi kango ne, ko da yau aka gama shi. Zan ba ka ƙasar surin nan. Kai kuma ka ɗebi ƙasar dokin ƙofar kowa na gidanka, inda yake taka ƙafa in zai fita, ka kwaɓa ɗaki ɗaya da ita. Kowane ɗaki da mai shi. Duk wanda ya ɗora ido a kan gidan nan ba zai iya ɗaukewa ba."

Duk magini ya san ba a ɗibar ƙasar dokin ƙofar mai rai. Tun ranar da aka fara sa maka laka a hannu ake gaya maka. Ƙasar gini daga kududdufi take fitowa, inda ba ta san sawun kowa ba. Mutari ya sani sarai.

"Baba, in jini ake so, a faɗi. Zan kawo baƙin bunsuru, ko sa."

"Wa ya tambaye ka jini?"

"To me zai same su?"

"Muddin ɗan gidan yana tsaye, ba abin da zai kashe su, kuma arzikinka yana tsaye."

"In ya faɗi fa?"

Illo ya dube shi da idon nan mai kyau. "Kai ne magini. Ni za ka tambaya?"

Mutari ya sunkuyar da kai yana lissafi irin na sana'arsa. Me ke kada gini? Ruwan damina, da gara, da sakacin yaɓe. Wannan kuwa cikin gilashi za a sa shi, a cikin wani gidan, a ƙasar mutanen da ke gini da ƙarfe da siminti. Ya taɓa ganin rijiyar da suka ɗaure a bariki, ko gatari ba ya kama ta. Ya ga ai kafin ginin Nasara ya faɗi, jikokin Ladi ma sun tsufa. Har wani murmushi ya yi, yana ganin ya yi wa boka wayo.

"Na yarda."

"Zauren fa, kada ka manta," in ji Illo, yana ƙulla masa jar ƙasa a tsumma. "Zaure na maigida ne."

Da ya dawo, ya jira ranar kasuwa, matan suka fita. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwar da ta haife shi ya kankari ƙasa da wuƙa. Ya yi haka a ƙofar Uwani. Ladi ba ta da ɗaki nata, wurin kakarta take kwana, sai ya ɗebi ɗan sawunta a bayan rumbu, ya kwaɓa mata ɗaki mafi kyau, ya zane shi ciki da waje, ya ce irinsa zai gina mata in ta girma. Da ya zo kan zaure, ya tsaya a bakin ƙofarsa da wuƙa a hannu, ya daɗe. Sannan ya mayar da wuƙar kube, ya kwaɓa zauren da ƙasar kududdufi. Wai a ransa, ya kamata wani ya tsaya a waje ya kula da sauran. Ni dai duk labarin nan ba inda ya fi ba ni haushi kamar nan, don ya nuna mutumin ya san abin da yake yi.

An ce ranar da aka jera ƙananan gidajen a Damagaram, Nasaran da suka zo zaɓe ba su ko kai ga na ƙarshe ba. Suka taru a kan na Mutari suna leƙa ƙofofi, ɗaya ma har ya ce ya ji kamar yanzu wani ya fita daga ciki. Aka sa shi a akwati da auduga, ya bi mota, ya bi jirgin ƙasa, ya bi teku.

Arziki ya zo kamar an ɓalle masa ƙofa. Aka ba shi ginin rumfunan kasuwa, da gidan gardawa, da masaukin baƙi. Mutanen da aka kamo aikin dole shi ake turo wa, suna kwaɓa masa ƙasa yana tsaye da lema. Ya sayi shanu ya ba makiyaya a Mallawa. Ya ɗaga zaurensa ya yi masa zanko huɗu. Maginan Damagaram da yake miƙa wa tubali suka fara aiko masa da gaisuwa. Wata bakwai ba abin da ya faru, har ya fara manta hanyar kufai.

Sai bazara ta kama, a can kuma aka buɗe taron.

Ƙande ce ta fara. Ana zafin da ko kare ba ya fita, ita tana karkarwa tana neman a hura mata wuta.

"Inna, wuta a wannan rana?"

"Kai dai huro, Mutari. Wani irin sanyi ne, ba irin namu ba. Kuma hasken nan ya dame ni, ba ya mutuwa."

Bayan kwana biyu Uwani ta ajiye taɓarya tana cikin daka, ta ja zane ta rufe kai.

"Maigida, su wa ka bari suka shigo?"

"Ba kowa a gidan nan sai mu."

"Ga su nan suna wucewa! Jajaye, da malafa, layi guda ba ya ƙarewa. Suna leƙo ni, suna nuna ni da yatsa."

Daga ranar ba a sake jin dariyar Uwani ba. Ta toshe tagar ɗakinta da tsumma, ta rataya tabarmi a bango, duk da haka ta ce suna gani. Ba ta iya cin abinci, ba ta iya wanka, don ta ce wace mace ce za ta tuɓe a gaban dubban idanu. Matar da ke cika unguwa da magana ta koma tana raɓe a bayan tukunyar ruwa, tana roƙon mutanen da ba wanda ke gani su yi wa Allah su kau da kai. Maƙwabta suka daina shigowa. Gidan ya yi tsit, sai tarin tsohuwa a bakin wuta.

Ladi ba ta yi kuka ba, ita nata ya fi ban tsoro. Yarinyar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar Nasara, ba ta fara zama tana maimaita wasu kalmomi da wata siririyar murya. Wata rana Hambali tafinta ya zo zaure kawo saƙo, ya ji ta, ya tsaya cak.

"Wa ya koya wa 'yarka Faransanci?"

"Me take cewa?"

"Cewa take, inna dubi, inna dubi ɗan gidan nan, akwai mutane a ciki? Irin maganar 'ya'yan Nasara ce."

Kuna tsammani wannan ya sa Mutari ya farka? Ya dai kira malamai suka yi rubutu, ya sayi turare. Amma a ransa yana cewa ai boka ya ce ba za su mutu ba, kallo ne kawai, kuma kallo ba ya kisa, za su saba. Da safe ya ɗauki lemarsa ya tafi wurin aiki, don a can ne kawai ake yi masa magana kamar mutum.

Da kaka ta yi, kumandan ya kira shi biro. Aka maƙala masa lambar girma a riga, aka nuna masa hoton ginin a jarida, ƙato, mutane a gabansa kamar tururuwa. Mutari ya shafa hoton, ya tambayi Hambali siminti buhu nawa ginin ya ci. Hambali ya yi dariya.

"Wane siminti? Katako ne da farar ƙasa, aka shafa musu ja. Ai ba don zama aka yi shi ba. Ƙarshen watan gobe za a rufe taron a rushe kome, a mayar da wurin fili."

Mutari bai gane ba, sai da aka maimaita masa. A duniyarsa ba a taɓa yin mutumin da zai gina gida lafiyayye, da kuɗi mai yawa, don ya rushe shi bayan wata shida ba. Ko mahaukaci ba ya yi.

"Ƙaramin fa? Nawa, na cikin gilashi?"

"Laka ce fa, Sarkin Magina. Wa zai ajiye laka?"

Ya zube a gaban teburin, lambar girma na lilo a ƙirjinsa. "Mushe kumandan, ranka ya daɗe, a dawo mini da shi. A karɓe shanun, a karɓe aikin, a dawo mini da shi."

Kumandan ya ɗauka son abin hannunsa ne, har abin ya burge shi. Ya sa Hambali ya gaya masa cewa kuɗin da gwamnati ta ware na kaiwa ne, ba a ware na dawowa ba. Ya ce zai rubuta takarda, amma kafin ta isa ta sami mai karanta ta an gama. Ya ce ai mai hannu irin nasa sai ya gina wani.

Ranar bai bi ta gida ba, kufai ya nufa. Ya tarar da Illo inda ya bar shi. Da bokan ya ji, sai ya girgiza kai.

"Gina gida don a rushe? Ni ma ban taɓa jin irin mutanen nan ba. Kai ka ce ka san gininsu."

"Warware, Baba! Me ake so? Ni a ɗauke ni."

"Da me za su gane ka? Ƙasarka ba ta ciki. Tun ranar da ka kwaɓa zauren suka gaya mini." Ya nuna kafar surin da haɓa. "Waɗannan ba sa mayar da abin da suka ɗauka. Tashi ka tafi, ɗan Ƙande, ka zauna da su kwanakin da suka rage."

Wata ranar Laraba Uwani ta fito tsakar gida da kanta, karo na farko cikin wata shida. Ta rame har ba ka gane ta. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta yi ajiyar zuciya.

"Maigida, sun tafi. Ba mai kallo. An kashe hasken." Har ta yi ɗan murmushi, ta ce a ba ta fura. Tana cikin sha ta karkata kai. "Wa ke buga guduma?"

Kwana uku bayan haka Ƙande na zaune a rana da mazarinta, sai ta kife. Da aka ɗago ta, bakinta da hancinta cike suke da jar ƙasa busasshiya, alhali ko ɓarɓashi bai faɗo daga ɗakinta ba. Ba a share makokinta ba Uwani ta bi ta, da azahar, a bakin murhu, ita ma haka.

Mutari ya saɓi Ladi ya ɗora a jaki ya yi kudu. Yana da dangi a hayin iyaka, ya ce wataƙila in ya shiga ƙasar Ingilishi abin Faransa ba zai bi su ba. Hankalinsa ke nan ya fara taɓuwa. Suna tafe cikin gonakin da aka girbe, yarinyar ta jingina da ƙirjinsa, ta yi magana da muryarta ta da, da Hausa.

"Baba, ɗakina ne ya saura. Kai ka yi masa zanen nan?"

"Ni ne, uwata."

"Ya yi kyau. Amma ba kowa. Na duba zaure ba ka nan. Me ya sa ba ka zo ba?"

Ba ta sake tambaya ba. Ya ji ta yi nauyi a hannunsa, jar ƙasa na zubo masa a kan riga. A bakin hanya ya haƙa mata, shi kaɗai.

Sauran ba shi da tsawo. Shanun suka mutu a rani ɗaya. Ba wanda ya sake yarda Mutari ya taɓa masa bango, kumandan ya koma ɗauko maginan Damagaram. Damina ta cinye ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yaɓe su. Zauren kaɗai ya ƙi faɗuwa, shi ma mai shi ya ƙi mutuwa. Ko ciwon kai ba ya yi.

Kullum da hantsi sai ya durƙusa a bakin ƙofar zauren ya kankari ƙasa ya ƙulla a tsumma. In ya ji an ce wani za shi Faransa, soja ne ko kukun Nasara, sai ya bi shi har bakin mota yana roƙo. Ya ce a taimaka a kai masa wannan birnin Pari, a nemi filin da aka yi taron a zuba, ko Allah ya sa su gane shi. Mutane suna karɓa don su rabu da shi. Mahaifina yana cikin waɗanda ya ba, shekarar da aka kwashe su yaƙi. Na tambaye shi ya ya yi da ƙullin, ya ce ko bayan gari ba su kai ba ya jefar, don wa zai shiga teku da kayan tsafi a aljihu? Ina jin duk haka suka yi.

Na riski Mutari ina yaro, tsoho tukuf, yana zaune a cikin ramin har ƙugu, ba mai gaishe shi. Bai taɓa roƙon abinci ba. Tambayarsa ɗaya ce ga duk mai wucewa, ko za shi Pari.

To, ku masu ƙaiƙayin suna, masu jin cewa in duniya ba ta san ku ba ba ku rayu ba, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku ɗaukaka ba tare da ya taɓa jikinku ba, ku tambaye shi jikin wa zai taɓa. Kada ku yarda da lissafinku, Mutari ma ya iya lissafi. Ya so duniya ta ga gidansa, ta kuwa gani, wata shida, ta tashi ta tafi harkarta. Mutum uku ne a duniyar nan suka damu da ko ya ci ko bai ci ba, su ya kwaɓa da laka ya sa a akwati. In kun koma gida yau kuka tarar da mai yi muku sannu da zuwa, ku zauna ku amsa masa da kyau.